Labbu da Damo: Bambancin Halitta da Tasirinsa a Hukunci

A majalisun karatun hadisi na Unguwar Mu'azu a Kaduna, kamar sauran zaurukan ƙasar Hausa, an saba fassara kalmar Larabci "labbu" da damo. Fassarar ta zauna a bakin ɗalibai, amma tana buƙatar a sake dubanta, domin hukuncin ci ya rataya a kanta.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa an kawo wa Annabi (SAW) gasasshen labbu a ɗakin Maimuna (RA), sai ya janye hannunsa. Da Khalid bin Walid (RA) ya tambaya ko haramun ne, sai ya bayyana masa cewa ba haramun ba ne, ba a samunsa ne a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai so shi ba. Khalid ya ci yana kallonsa. A kan wannan Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka halatta shi, Hanafiyya kuwa suka hana.

Masana halittu suna kiran labbu Uromastyx, kuma danginsu ɗaya da ƙadangaren da ke bin katangunmu. Gajeren kai gare shi mai kama da na kunkuru, da wutsiya mai kauri wadda ƙayoyi suka kewaye ta gaɓa-gaɓa. Ganye da furanni da tsaba ne galibin abincinsa. Na Jazirar Larabawa yakan kai santimita 75. Mafi kusa da mu shi ne Uromastyx geyri, ƙarami, mai launin rawaya ko ja, wanda aka bayyana a ilimance a 1922. Yana zaune a duwatsun Azbin da ke yankin Agadas da na Hoggar a Aljeriya, kuma yarjejeniyar CITES ta taƙaita fataucinsa saboda yawan kama shi.

Damo kuwa, sarkin haƙuri, ɗan'uwan guza ne daga jinsin Varanus. Harshensa a rabe yake kamar na maciji, wutsiyarsa doguwa ce ba ƙaya, yana cin ƙwari da dodon koɗi da ƙwai. Wannan shi Larabawa ke kira "waral", kuma Damiri, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya ba kowannensu babi dabam a Hayatul Hayawan.

Saboda haka hadisin Khalid ba nassi ba ne a kan damo. Shafi'iyya da Hanbaliyya da suka halatta labbu sun hana waral. Mai halatta damo a mazhabar Malik sai ya nemi hujjarsa daga sassaucin mazhabar game da ƙananan dabbobin ƙasa, bisa sharaɗin yanka.