JIKA A HANNUN KAKA: WA YA KAMATA A KOYA WA RENO?

Duk wanda ya san ƙauyukan arewacin Jihar Kano, wato ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kunchi da Tsanyawa, ya san cewa gona ba ta hutawa a wannan yanki. Gida yana jikin gona, gona tana jikin ta maƙwabci, ba dajin da za a sare a yi sabuwa. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya soma binciken karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna yadda manoman nan suke noma fili guda kowace shekara ba tare da ya mutu ba, saboda takin awaki da tumaki da suke kai masa. Irin wannan noma yana cin hannun kowa. A gidajen Kirista, inda mata suke fita gandu kuma suke da gayaunarsu, da zarar ruwa ya sauka sai gida ya watse tun da sassafe. Waɗanda suka rage su ne tsohuwa da jikokinta.

YININ KAKA

Mai karatu, bari mu dubi yinin wannan tsohuwa da damina. Kafin rana ta ɗaga ta ɗumama tuwon jiya ta raba wa yara. Akwai na goye da aka bar mata har uwarsa ta dawo ba shi nono, akwai mai rarrafe, akwai kuma wanda aka kawo mata yaye daga wani ƙauye, domin bisa al'ada in yaro ya kusa shekara biyu gidan kaka ake kai shi ya manta da nono. Awaki suna turke saboda shuka, ita za ta zuba musu ciyawa. Idonta ɗaya yana kan rijiya, ɗaya yana kan murhu. Ga kududdufin bayan gida ya cika, ga kwalbar lemo da aka ɗura maganin feshi a ciki an ajiye a gindin rumbu. Da rani kuwa, in maza sun tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas, wasu kuma sun koma lambu a bakin madatsun ruwan Tomas da Watari, nauyin bai ragu ba.

Duk da haka ba a raba kaka da raha. Jika namiji shi ne "maigida" ko "mijina", ta mace kuwa "kishiya" ce. Kaka namiji yakan zauna a inuwa yana tufkar igiya, yana tsokanar jikarsa wai ita ce amaryarsa amma ba ta iya tuwo ba. Wannan wasa yana da amfani babba. Tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai kunya, balle ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya bayyana wannan kunya daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya ta ƙasar Zazzau. Abin da yaro ba zai iya faɗa wa uwarsa ba, a cinyar kaka yake faɗa. A nan yake jin tatsuniya, a nan yake koyon gaisuwa, a gidaje da yawa kuma a nan yake fara haddace Addu'ar Ubangiji.

RANAR DA BAƘO YA ISO

Ikon kaka bai cika fitowa fili ba sai ranar da aka haihu. In haihuwar fari ce, yarinya takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta zauna a hannun uwarta har ta yi arba'in. In ta biyu ce ko ta uku, uwar miji ce mai ɗaki. Ita za ta aika a kira ungozoma, ita za ta karɓi jariri, ita za ta sa a binne mabiyiya. Ita take karɓar 'yan barka, ta lissafa turmin zane da sabulu, ta matsa wa angon ƙarni ya kawo itace da kayan yaji da ƙafafun sa na kauri. Ran suna, bayan kwana bakwai, in fasto ko katikis ya zo da dattawan ikilisiya, daga hannunta ake karɓar yaron a yi masa addu'a, hannunta kuma yake komawa.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a shiyyar arewa maso yamma, haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. Wato mafi yawan jariranmu a ɗakin ƙasa suke faɗowa, kuma mutum na farko da yake yanke shawara a kansu ita ce kaka.

To, a nan gizo yake saƙar. In aka je awo, wa ma'aikaciyar lafiya take yi wa bayani? Yarinya ce 'yar shekara goma sha takwas ko ashirin. Ta ji, ta gane, ta dawo gida da katinta. Amma ranar da surukarta ta ɗauko ƙoƙon ruwa za ta ɗura wa jariri, wace yarinya ce mai tarbiyya za ta ɗaga ido ta ce, "Inna, an hana"? Sai dai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. An ba mai ilimi abin da ba ta da ikon zartarwa, mai iko kuwa an bar ta a gida tana jiran awaki. Muddin ba a gyara wannan ba, jawabin asibiti zai riƙa tsayawa a bakin zaure.

ABIN DA YA KAMATA KAKA TA JI

Na farko shi ne dakashi, wato nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa. A wurare da dama akan matse shi a zubar, wai ba shi da kyau, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba ko jiƙon bauri har nono ya yi fari. Alhali kuwa dakashi shi ne kariyar farko da Allah ya tanada wa yaro daga cututtuka. Masana lafiya suna so a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da nono zalla har wata shida, ba ruwa ba koko. Tsofaffi sukan ce zafin bazara zai kashe yaro da ƙishi, kuma tausayi ne ya sa suke faɗa. Amsar ita ce, fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Uwar ce za a cika wa moɗa, ita kuma ta ƙara yawan shayarwa. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 29 cikin 100 kaɗai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla.

Na biyu, cibiya. Gasa ta da tsumma mai zafi, ko shafa mata toka ko man goge haƙori, hanya ce da ƙwayar cuta take shiga jiki, har da ta sarƙewar haƙora wadda take sandarar da jariri. A yanke cibiya da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta, a shafa maganin nan chlorhexidine wanda gwamnatin tarayya ta amince da shi domin cibiya, wanda ake samu a asibiti da kantin magani. Cibiya kawai ake shafa wa, kada ya kusanci ido.

Na uku, askar wanzami. Cire beli ba ya hana wata cuta, haka nan cire angurya ga 'ya mace ba shi da amfanin komai. Abin da suke jawowa shi ne zubar jini, da ciwon da zai hana yaro kama nono, da cutar da aska guda take ɗauka daga wannan gida zuwa wancan. Kaka ce kaɗai take da bakin da za ta sallami wanzami cikin mutunci ba tare da an ɓata zumunci ba.

Na huɗu, wankan jego da kunun kanwa. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jego da zuciyarsu take kasawa, suka danganta abin da tafasasshen ruwan wanka safe da yamma, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan kanwa, wadda gishiri ce mai tara ruwa a jiki. Binciken da likitocin zuciya suka yi daga baya a Kano ya nuna cewa rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin ciki su ma suna da hannu. Ba wanda ya ce a bar wanka. Ruwa mai ɗumi da ganyen darbejiya ya isa, ba sai ya sale fata ba, kuma kuɗin itacen da ya ragu a sayi wake da ƙwai da ganye. Kunun gyaɗa ya fi na kanwa amfani ga mai shayarwa. In mai jego ta soma kumburin ƙafa, ko haki, ko tarin dare, ko ta kasa kwanciya sai a jingine, ba iska ba ce, ba sanyi ba ne. A nemi mota zuwa babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta a ranar.

Na biyar, alamun haɗari ga jariri: ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashi ya yi sauri, ko idanu da tafin hannu su yi ɗorawa saboda shawara, ko cibiya ta yi ja tana wari. Jaririn kwana biyar ba ya jiran ranar kasuwa.

Haka nan kuma rigakafi. Ana fara shi tun ranar haihuwa da allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna. Tsofaffinmu suna tune da 2003, lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a Jihar Kano har zuwa 2004, da yaran da suka shanye a wancan zamani. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, kuma ɗigon nan ne ya yi aikin, shi ya sa ba a daina ba da shi ba. Da damina masu raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 sukan bi gida gida wata wata. Wa suke tararwa a gida? Kaka. Ita za ta ba da ragowar ƙwayoyin a kwana biyu masu zuwa, in ta gane dalilinsu.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA

Maganar Allah ba ta ɗauki kaka a matsayin wadda ta gama aiki ba. A ƙarshen Littafin Rut, sura 4, Na'omi ce ta ɗauki jariri Obida ta zama mai renonsa, shi ne kuwa kakan Sarki Dawuda. A 2 Timoti 1:5 Manzo Bulus ya bi sawun bangaskiyar Timoti har zuwa kakarsa Loyis. A wasiƙarsa ga Titus, sura 2, ya ɗora wa tsofaffin mata aikin koya wa matasa zaman gida. Wadda aka ba aikin koyarwa kuwa tana da hakkin a fara koya mata. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohuwar da ta raini 'ya'ya takwas, ta binne uku, ta fi kowa sanin zafin rashin ɗa, kuma in aka yi mata bayani da ladabi ta fi kowa riƙe shi.

SAURAN AIKI GARE MU

Ga magidanta: ran awo, a biya kuɗin babur na mutum biyu, mai ciki da uwarta ko surukarta, su ji da kunnensu tare. In kuwa akwai maganar da za a faɗa wa tsohuwa, ɗanta ne zai faɗa. Kada a bar wa matar da kunya ta ɗaure wa baki.

Ga Zumuntar Mata: a keɓe taro guda a kowane wata uku domin kakanni da ungozomomi, a gayyato ma'aikaciyar lafiya ta asibitin da ke kusa. A bar tsofaffi su fara faɗin yadda suke yi da dalilinsu kafin a kawo gyara. Maƙwabtanmu Musulmi ungozoma guda muke kira da su, rijiya guda muke sha, saboda haka a gayyace su.

Ga 'ya'yan da ke birni: aiko yaro ƙauye ba tare da hatsi ko kuɗin magani ba zalunci ne, ko da an kira shi zumunci. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya tsere da yara huɗu ba. A yi wa rijiya murfi, a rataye maganin feshi da kananzir inda hannun yaro ba ya kai, a ɗaura gidan sauro a ɗakinta, a ajiye mata ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa, a kuma bar mata yarinya babba mai taimako. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga fastoci da katikis: ranar suna ko ranar da mai jego ta fito godiya a majami'a, a kira kaka gaba da sunanta, a yi mata addu'a tare da jaririn, a kuma tambayi katin rigakafi kamar yadda ake tambayar sunan yaro.

Karin Magana 17:6 ta kwatanta jikoki da rawanin tsofaffi. Allah ya raya mana waɗanda aka haifa a wannan damina, ya ƙara wa kakanninsu lafiya da ƙarfin goyo. Amin.