Tarar N50,000: Me doka ta tanada ga masu sayar da gurɓataccen abinci a Zamfara?

Tun kafin gari ya waye, babura da motocin burodi ke barin Gusau. Wasu su miƙi hanyar Funtuwa zuwa Tsafe, wasu su nufi Bunguɗu ta hanyar Sakkwato. Kafin hantsi burodin ya isa teburin mai shayi, ledojin fiyawata sun cika shaguna. Mai saye ba ya tambayar abin da aka zuba a cikin kwaɓin, domin ya ɗauka akwai hukumar da ta riga ta tambaya.

Hukumar akwai ta, wato NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Dokokin ma akwai su. Abin dubawa shi ne ko hukuncin da ke cikinsu yana tsorata kowa.

Dokar rajistar abinci da magunguna ta 1993 ta haramta sarrafa abincin leda ko na kwalba, ko sayar da shi, ba tare da rajista ba. Wanda kotu ta kama da laifin zai biya tarar N50,000 ko ɗaurin shekara biyu, ko duka biyun. Idan kamfani ne, N100,000.

A yau N50,000 ba ta kai mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Mai gidan fiyawata da ke fitar da kaya kullum zai iya haɗa ta cikin 'yan kwanaki.

Wadda ta fi tsauri ita ce dokar 1999 kan jabun magunguna da gurɓataccen abincin da aka sarrafa. Ta tanadi tarar da ba ta wuce N500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko a haɗa wa mutum duka, sannan a ƙwace kayan. Lokacin da aka rubuta ta, kuɗin sun haura dala 5,000. Yanzu ba su kai dala 400 ba. Ɗaurin ne kaɗai bai zube ba, shi kuma sai an kai ƙara Babbar Kotun Tarayya, an gabatar da sakamakon gwaji, an bi shari'ar har ƙarshe.

Shi ya sa abin da masu gidajen burodi suka fi tsoro shi ne jami'ai su garƙame wurin. Kullen mako biyu yana nufin tanda ta huce, leburori sun watse, masu shayi sun koma wa wani gidan.

Laifukan da ake kullen a kansu sanannu ne. Akwai sinadarin bromet da ke kumbura burodi, wanda aka yi ta yaƙi da shi tun zamanin marigayiya Dora Akunyili saboda alaƙarsa da ciwon ƙoda da daji. Akwai sakarin da ake zubawa a madadin sukari idan ya yi tsada. Akwai kabaid na nuna ayaba da mangwaro. Sai maganin ƙwari da ake barbaɗa wa wake a rumbu, wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Maƙwabta sun ga ƙarshen irin wannan ganganci. A watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano bayan shan lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar musu a matsayin ɗan tsami. Gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, wasu kuma ƙodarsu ta taɓu. A watan Agustan shekarar, mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu a Ƙaramar Hukumar Isa ta Jihar Sakkwato, mai iyaka da Zamfara, bayan an zuba gishirin lalle a girki a zaton na miya ne.

Zamfara kanta ba ta manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Cikin hanyoyin da gubar ta bi har da injinan niƙan hatsi da aka riƙa niƙa duwatsun zinare da su.

Wani giɓin ya fi na tara girma. Dokokin tarayya sun fi kama abin da ke cikin leda, mai lamba da adireshi. Amma yawancin abin da ake ci a kasuwar Tsafe ko tashar Bunguɗu ba shi da lamba: zoɓo, kunun aya, fura da nono, awara, tsire. Waɗannan suna hannun duba-gari na ƙananan hukumomi, kuma a yankin da matsalar tsaro ta sa wasu hanyoyin ƙauyuka ba sa biyuwa yadda aka saba, zagayen duba kasuwa ba abu ne mai sauƙi ba.

Ga kuma wahalar hujja. Idan gida guda suka wayi gari da amai da gudawa, hankali na kan kai su asibiti. Kafin a tuna da abin da aka ci, an zubar da ragowar, an wanke kwano, ledar ta bi shara. Ma'aikatan lafiya kan shawarci iyalai su adana ragowar abincin da ledarsa, su lura da inda aka saya, domin da su ne za a yi gwajin da kotu za ta karɓa.