Sunkani: Makonnin shuka da ke yanke wa manyan gonaki hukunci kafin marka ta sauka

A Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola da ke maƙwabtaka da Jalingo, ruwan farko yakan sauka tun cikin Afrilu, wani lokaci ya jinkirta zuwa Mayu. Mai 'yar gona eka biyu ba ya dogon lissafi: gari na wayewa zai saɓi sungumi, 'ya'yansa su bi shi da ƙwaryar iri, kafin azahar an yi nisa. Mai hekta ɗari ko ɗari biyu kuwa, ruwan da ya faranta wa maƙwabcinsa rai shi ne ya fara ƙirga masa kwanaki, domin aikinsa duka ya rataya ne a kan tarakta, ita kuma tarakta ba kowace ƙasa take shiga ba.

Idan ƙasa ta bushe ƙayau, faifan garma ba ya kama ta, sai dai ya yi ta karce a banza ana ƙona man dizal. Idan kuma ta sha ruwa ta ƙoshi, musamman laƙar fadamun da suka gangara wajen Kogin Binuwai, tayoyi sukan nutse, a yini ana haƙa ana tura itace a ƙarƙashi. Ko da injin ya fita lafiya, ya bar ɓarnar da ido ba ya gani: nauyinsa ya danne ƙasa ta curu a ciki, saiwa ba za ta ratsa ba, ruwa ma ba zai tsotse ba, sai ya kwanta a kan kunya. Tsakanin wannan bushewa da wancan caɓi akwai 'yan makonni ƙalilan da ƙasa take da danshi daidai, kuma a cikinsu ne kowa yake neman tarakta lokaci guda. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira manyan manoma haya suke yi, don haka layi suke bi. Wanda layi ya zo kansa bayan ruwa ya kankama, ya biya kuɗin kaftu da haro cif, amma gonar da aka ba shi ba ita ce ya biya wa ba.

Jinkirin mako biyu a watan Yuni ba ya tsayawa a watan Yuni. Shinkafa irin FARO 44, wadda manoma suka fi rungumar ta, tana bukatar kusan wata huɗu kafin yanka. Wadda aka watsa da wuri takan yi tsayi ta yi ƙarfi kafin marka ta Agusta da Satumba, ruwa ya kai mata gwiwa ta jure. Wadda aka makara da ita, ruwan yakan same ta tana ƙarama, ya shanye kanta. Masara ta fi haka rauni, domin tsiron da bai wuce 'yan ganye ba yakan mutu idan ruwa ya kwanta masa kwana uku ko huɗu, saboda saiwa ta rasa iska. Sai kuma asarar da ba a cika lissafa ta ba: buhun yuriya da aka zuba ana gobe za a tafka ruwa, rabinsa ya bi kwari, maganin ciyawa da aka fesa hadari na haɗowa, kuɗi ne aka wanke.

Manoman yankin ba a zaune suke ba. Masara da waken suya sukan kai su tudu, su ɗaga kunya, su bar fadama ga shinkafa. Wasu suna yin binne, wato su sa iri cikin busasshiyar ƙasa su jira ruwa, caca ce wadda kan biya idan ruwan farko bai yi yaudara ba. Masu hali suna raba takin yuriya kashi biyu ko uku maimakon zuba shi gaba ɗaya, suna kuma haƙa magudanai a gefen gona tun da bazara, lokacin da ba wanda yake tuna ruwa. Masu son gajeren zango suna neman irin masarar SAMMAZ mai saurin nuna daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Akwai ma irin shinkafa da aka yi domin wannan matsala takamaimai: FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017, suna iya rayuwa a nutse cikin ruwa kusan mako biyu. Abin mamaki ne a ce iri irin wannan, bayan waɗannan shekaru, bai zama ruwan dare a kantunan kwarin Binuwai ba.

Amma akwai ruwan da dabarar manomi ba ta kai gare shi. Madatsar Lagdo da ke arewacin Kamaru, wadda aka kammala a 1982, idan ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan yakan biyo Binuwai ta Adamawa ya shigo Taraba, ya taɓa Lau, Karim Lamido, Ardo Kola, Gassol da Ibi. Haka aka gani a 2012, aka sake gani a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar. Madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka tsara domin ta tare wannan ruwa, har yau ba a gama ta ba. A daminar 2024 kuma gadar Namnai da ke kan hanyar tarayya ta Jalingo zuwa Wukari ta karye, wanda ke nufin ko wanda amfaninsa ya tsira sai ya sake lissafin yadda taki zai iso masa da yadda hatsi zai fita.

A nan ne maganar ta iso teburin Abuja. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da kiyasin ranar faruwar ruwa a kowane yanki. Hukumar NIHSA ma takan fitar da nata hasashen ambaliya. Sanin yana nan ke nan. Abin da ke ƙaranci shi ne a sa kalandar ofis ta bi kalandar gona. Takarda takan yi mako uku tana jiran sa hannu, kuma ga jami'in da ke riƙe da ita wannan ba wani jinkiri ba ne, sai dai a Sunkani mako ukun nan su ne lokacin shuka ɗungurungum. Dokar ta-ɓaci kan abinci da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana ta zo ne a Yulin 2023, lokacin da masarar Taraba ta riga ta kai ƙugu. Irin da aka raba a irin wannan lokaci, ko ya shiga tukunya ko ya koma kasuwa. Mai rubuta rahoto zai lissafa tan kaza da aka raba, amma da wuya a ga wani gurbi a takardar da ya tambayi ranar da kayan suka isa hannun manomi.

Ba Najeriya kaɗai ruwa ke hana shuka ba. A 2019 ruwan bazara ya hana manoman Amurka shuka fiye da eka miliyan 19, mafi yawa masara da waken suya. Bambancin shi ne inshorar amfanin gona a can tana da sashe na musamman da ke biyan manomin da ruwa ya hana shi shuka kwata-kwata, bisa ranar ƙarshe ta shuka da aka ƙayyade wa kowane yanki. Hukumar inshorar noma ta NAIC da bankunan da ke ba manyan manoma rance za su amfana da wannan tsari, domin mutumin da ya ci bashi ya biya haya, ya sayi iri da taki, sannan tarakta ta maƙale a laka, asararsa ta tabbata tun ba a ga tsiro ba.

Idan za a tallafa wa gonakin Ardo Kola a damina mai zuwa, gyaran taraktoci aikin Fabrairu ne, yashe magudanai na Maris, iri da takin farko kuma su kasance a ɗakin ajiya a Jalingo kafin Afrilu ya ƙare.