Yadda Ake Haɗa Salsala a FamilySearch

Mai neman asalinsa kan shigar da sunan kakansa a shafin intanet na FamilySearch, sai ya tarar wani da bai taɓa gani ba, a wata nahiya, ya riga shi rubutawa. Da gangan aka tsara hakan. Salsala ɗaya ce ta kowa da kowa, kuma duk mai rajista na iya gyara bayanin mamaci, ya ɗora hoto ko takardar aure, ya aika wa wancan baƙon saƙo su kwatanta abin da ke hannunsu.

Cocin Mormon na birnin Salt Lake a Amurka ne mai shafin, saboda aƙidarsu ta yi wa magabata baftisma. Sun fara tattara bayanan nasaba a 1894, suka hau intanet a 1999. Ba a biyan ko sisi.

Hannu da yawa kuwa na da nasa aibin: akan haɗe masu suna ɗaya su zama mutum guda, jikoki su yi ta jayayya. A Ghana da Najeriya, inda salsala take a bakin tsofaffi, ma'aikatan FamilySearch na bin ƙauyuka suna naɗar muryoyinsu. Bayanin mai rai dai, ba kowa ke ganinsa ba.