Daga Katsina zuwa Batsari da Safana: abin da hanya ke faɗa a kan zaman lafiya

 Yau shirin namu a mota za mu yi shi. Za mu tashi daga birnin Katsina mu nufi yamma zuwa Batsari, mu gangara kudu zuwa Safana, mu ƙare a Dutsin-Ma. Na san wani zai ce, “Haba, yawon buɗe ido a bakin Dajin Rugu?” To ai dalilin ke nan. Da yawanmu ba mu san waɗannan garuruwa ba sai a labarin hari, alhali duk mai son ya auna zaman lafiyar yankin, hanya ce ma'auninsa.

Kana barin Katsina gonaki ne dama da hagu: gero, dawa, wake. Da ka doshi Batsari sai ka fara cin karo da buhunan rogo da dankali a bakin titi, don ƙasar ta yi suna a nomansu. Hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita, kuma sunan yana da tarihi. A ƙarni na 19 Ruma garin bakin daga ne, mai tare mahara daga ɓangaren Maraɗi. Daga nan jarumin nan Ɗanwaire ya fito. Kun ga tun kaka da kakanni mutanen nan su ne garkuwar Katsina ta yamma.

Daga Batsari in ka kama hanyar Safana, ƙasar hakimi Yariman Katsina, duwatsu za su riƙa ɓullowa a tsakiyar gonaki, daji kuma yana hannunka na dama. Wannan shi ne Rugu. Ba ƙaramin daji ba ne: ya taso daga wajen iyakar Nijar, ya bi ta Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ƙanƙara, ya haɗe da dazukan Zamfara. Girman nan da duwatsun nan, su ne kyansa, su ne kuma suka sa ya yi wuyar tsarewa.

To yaya aka yi wurin kiwo da farauta ya koma maɓoya? Ba dare ɗaya ba ne. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali da makiyaya, satar shanu ta yawaita, wanda aka zalunta bai samu hakkinsa ba. Wasu suka ɗauki makami da sunan ramuwa, wasu da sunan sa-kai, daga baya abin ya rikiɗe ya zama sana'ar garkuwa da mutane. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. Allah ya ji ƙansu.

Gwamnati ta gwada dabaru. Gwamna Masari ya yi sulhu a 2016 da 2019, bai ɗore ba. A 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa. A 2025 kuma al'ummomi suka yi nasu zaman sulhun a Jibiya, Batsari da Safana.

Ta ina za ka gane ko abin yana aiki? Ga tambayoyi uku da za ka yi a tasha. Na ɗaya, ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi? In direbobi na ajiye mota tun la'asar, da saura. Na biyu, nawa ne kuɗin ɗaukar buhu zuwa kasuwa? Direban da ke tsoro sai ya ƙara kuɗi, manomi ya yi asara, mu na birni mu sayi abinci da tsada. Na uku, gonakin da ke nesa da gari, an nome su bana ko sun zama saura? Wannan ta fi kowace sanarwa faɗin gaskiya.

In za ka bi hanyar, don Allah ka tashi da safe, ka shiga motar tasha, ka tambayi 'yan gari halin da ake ciki a ranar. Da damina a ƙara kula, don shuka ta yi tsawo, ciyawa ta rufe ko'ina. Kada kuma ka ɗauki hoton shingen jami'an tsaro.

Zangon ƙarshe Dutsin-Ma, garin jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, kusa da madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa. Mu ba mu da teku, amma ka tsaya bakin Zobe da hantsi ka ga masunta a kwalekwale, za ka san ƙasar nan tana da abin gani.

'Yan Batsari da Safana, ku faɗa mana: ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi a garinku yanzu? Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.