Hayar gida ƙasa da Yuro ɗaya a shekara: Daga ina unguwar Fuggerei ke samun kuɗi?

A birnin Augsburg da ke kudancin Jamus akwai wata unguwa mai suna Fuggerei, inda kuɗin hayar gida na shekara guda bai kai Yuro ɗaya ba: santi 88 ne kacal. Attajirin ɗan kasuwa Jakob Fugger ne ya kafa gidauniyar unguwar a 1521 domin talakawan garin, kuma har yau ba a ƙara hayar ba.

Kimanin mutum 150 ne ke zaune a gidaje 67. Sharaɗin shi ne mai haya ya kasance mabuƙaci, ɗan ɗarikar Katolika, mazaunin Augsburg, ya kuma riƙa yi wa iyalan Fugger addu'a uku kullum. Kuɗin wuta da ruwa kuwa shi zai biya.

To, da me ake gyaran rufi da biyan ma'aikata? Sirrin yana daji. Tun ƙarnoni da suka wuce gidauniyar ta zuba dukiyarta a gandun itatuwa, kuma cinikin katako ne babbar hanyar samun kuɗinta. Kuɗin shiga da 'yan yawon buɗe ido ke biya na cike giɓi.

Sai dai akwai barazana. Fari da ƙwari masu cin bawon itace sun yi wa dazuzzukan Jamus mummunar ɓarna daga 2018, kuma duk abin da ya taɓa katako, asusun gidauniyar ya taɓa.

Tsarin ya yi kama da waƙafi: gina gidan sadaka bai isa ba, sai an tanadar masa kadarar da za ta riƙe shi bayan mai kyautar ya kau.