Gargaɗi: Kada Ku Sayar da Gona Don Sayen Hannun Jari

Jama'a, a yi hattara! Masu bin ku a WhatsApp da Telegram suna cewa ku kawo kuɗi su juya muku a kasuwar hannun jarin Amurka, su riƙa ba ku tsayayyar riba duk wata, ba 'yan kasuwa ba ne. Babu kasuwar da ke da tsayayyar riba. Da kuɗin wanda ya shigo bayanka ake biyanka, ranar da sababbin shiga suka ƙare kuma sai a rufe shafin.

Mun ga irin wannan. A Disambar 2016 MMM ta daskarar da kuɗin mutane ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara. A Afrilun 2025 CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe. Fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan suka kwashe kujeru, to amma kujera nawa za ta biya kuɗin Hajjin da aka shekara goma ana tarawa? Abin takaici, bayan rushewar sai aka ce wa mutane su ƙara biyan dala 100 ko 200 wai don a tantance su kafin su cire kuɗinsu, kuma wasu suka biya.

Kasuwar gaskiya ma, wato NGX da ke Legas, tana da haƙora. Matasan da ke murna da hauhawar farashin hannun jari su tambayi iyayensu labarin 2008. A watan Maris na shekarar ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Bankuna na ba da bashi a sayi hannun jarinsu, malamin makaranta da ɗan fansho da mai shago a Kantin Kwari duk an shiga layi. Daga nan farashi ya soma zamewa. A Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a Yuli ta faɗo ƙasa da 40 kafin shekara ta ƙare, masu jari na ƙetare suka tattara nasu suka fice. Kafin a ankara, a farkon 2009 ma'aunin ya koma wajen 20,000. Takardar hannun jari ta zama ba ta da daraja, bashi kuwa yana nan daram. A Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya kori shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya.

Shi ya sa duk mai son shiga dole ya kasa kunne ga farashin mai da kuɗin ruwan Amurka da darajar naira. Wanda ya ci riba a naira tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024, lokacin da dala ta tashi daga kusan naira 460 ta wuce 1,500, in ya auna da dala zai iya tarar da asara ya tafka.

Kafin ka ba kowa ko sisi, duba sunansa a jerin dillalan da hukumar SEC ta yi wa rajista. Takardar CAC da suke nunawa shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Dillalin gaske zai buɗe maka asusu a CSCS, inda ake ajiye hannun jari, a ba ka lambarka, hannun jarin ya zauna da sunanka. Kada ka ci bashi, kada ka taɓa kuɗin adashin mata ko na marayu, kada ka sayar da gona ko shanu. Kuma ku masu jawo 'yan uwa don ladan kawo mutum, ku sani dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu tallata irin wannan damfara.

Idan kuɗinka ya riga ya maƙale, kada ka ƙara ko kwabo da sunan fito da shi. Adana rasit da saƙonnin da kuka yi da lambar asusun da ka tura wa, ka kai ƙara ofishin EFCC ko SEC mafi kusa da kai yau ɗin nan.